Sama ta yi fari, gine-gine sun yi baƙi: yaushe ake ɗaukar hoton birni a bakin ruwa?

Nafi_Hoto:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina so in ɗauki hoton birni daga tsallaken ruwa daidai faɗuwar rana, dogayen gine-gine da gada da inuwarsu a cikin ruwa. Abin da idona ke gani daban, abin da kyamara ke ba ni daban. In na saita don sama ta fito da launinta, sai gine-ginen su yi baƙi ƙirin. In na saita don gine-ginen, sai sama ta yi fari fat. Da rana tsaka lafiya lau kyamarar take ɗauka. To saitin ne matsalar ko lokacin? Kuma wanne ya fi, kafin rana ta faɗi ko bayan ta faɗi?

Garba_Zum:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, ina ranar take faɗuwa, a bayan gine-ginen ko a bayanki?

Nafi_Hoto:
A bayan gine-ginen, Yaya Garba. Yamma nake fuskanta.

Garba_Zum:
To kyamara ba ta da laifi, ƙanwata. Hasken da ya fi kowanne ƙarfi yana bayan abin da kike ɗauka, fuskar gine-ginen da ke kallonki kuwa tana cikin inuwa. Tazarar da ke tsakanin hasken sama da duhun bangon ta fi abin da kyamara za ta iya riƙewa a hoto guda. Ido wayo yake mana: in kin kalli sama ya tsuke, in kin kalli gini ya buɗe, ba tare da kin sani ba. Ita kuwa kyamara saiti ɗaya take yi wa hoton gaba ɗaya.

Ki bar ranar ta faɗi, kada ki naɗe kaya. Hasken sama yana ta raguwa, fitilun gari suna ta kunnuwa, akwai ɗan lokacin da su biyun ke yin kunnen doki. A nan saiti ɗaya zai kama sama shuɗiya, tagogi a haske, ruwa kuma ya ɗauki launin fitilun. In kin wuce wannan lokacin, sama ta yi baƙi, fitilun su ƙone su zama fararen ɗigo.

Na_Gefe:
Wai a jira rana ta faɗi kafin a ɗauki hoton faɗuwar rana 😂 Oga Garba ka dai faɗi gaskiya, makara kake yi kullum.

Baba_Fim:
Ni ban ga aibin baƙin gini ba. Yarinya, abin da kike kira matsala shi ne hoton. Jerin gine-gine baƙaƙe, gefensu a yanke tsaf, jar sama a bayansu, wani ɗan jirgin fito yana ratsa hasken da ke kan ruwa. Me kuma ake nema? Ba kowace taga ce sai an ƙirga ta ba. Ki auna hasken daga sama, gefen rana kaɗan ba kan ranar ba, ki bar sauran ya yi duhunsa.

Nafi_Hoto:
Na gode Baba. Wallahi irin wannan ma yana da kyau, amma ni gadar nake so ta fito da ƙarafunanta. Yaya Garba, ɗan lokacin nan da ka ce, minti nawa ne?

Malam_Kimiyya:
Bari in shigo a nan, don amsar ta danganta da inda mutum yake a duniya.

Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, wato digiri ɗaya cikin minti 4. Masana taurari sun kasa almuru kashi uku: daga faɗuwar rana zuwa lokacin da ta nutse digiri 6 ƙasa da layin sama, sai 6 zuwa 12, sai 12 zuwa 18, daga nan dare ya yi sosai. Abin da Malam Garba yake magana a kai yana wajen ƙarshen kashi na farko ne, yana ɗan taɓa farkon na biyu.

Kusa da ikwaita rana a miƙe take sauka, don haka kashin farkon nan minti ashirin da 'yan kai ne kawai. Wanda ke bakin ruwa a Singafo abin da yake da shi kenan duk shekara. A Landan kuwa, cikin watan Yuni, yana haura minti 45, saboda can a karkace ranar take sauka. Shi ya sa in kika ji wani Bature yana cewa ki sha kuruminki kina da awa guda, ki tambaya a ina yake tsaye. In garinku yana kusa da ikwaita, ki gama kafa kaya da zaɓen kusurwa tun rana tana sama.

Ita ranar kanta faɗinta rabin digiri ne, daga taɓa layin ruwa zuwa ɓacewa ba ya wuce minti 2 zuwa 3 a ƙasashe masu zafi. Kuma wani abin mamaki, lokacin da kika ga ta taɓa layin, a zahiri ta riga ta nutse. Iska ce ke lanƙwasa hasken da kusan rabin digiri har kike ganinta. Wannan lanƙwasawar ce ma ke sa ta fito a ɗan baje a hoto.

Garba_Zum:
Madalla Malam. Ni a aikace, minti 10 bayan faɗuwa nake fara dannawa ba ƙaƙƙautawa, duk minti ɗaya hoto ɗaya, har sama ta mutu. A gida ake zaɓe. Kada ki yarda da fuskar kyamara a duhu, komai haske yake yi a ido. Jadawalin haske za ki duba, wato zanen da kyamara ke nunawa daga duhu a hagu zuwa haske a dama, in ya jingina da bangon dama to wani wuri ya ƙone ya yi fari fat.

Ɗan_Jirgi:
Kowa sama yake ta magana, ba wanda ya tambayi ruwan. Hajiya Nafi, teku ce, kogi ne, ko tafki?

Nafi_Hoto:
Bakin teku ne, amma lungu ne da ya shigo cikin gari, akwai tashar jiragen ruwa a gefe.

Ɗan_Jirgi:
Yauwa. To abu biyu za ki kula da su, iska da cikar ruwa. Da rana ƙasa ta fi ruwa zafi, sai iska ta riƙa busowa daga teku zuwa tudu, ita ce ke yamutsa fuskar ruwan. In rana ta faɗi ƙasa ta fara hucewa, sau da yawa iskar takan kwanta kafin ta juyo daga tudu. Wannan ma dalili ne na jiran da Garba ya ce.

Cikar teku kuma, a yawancin gaɓoɓi sau biyu take yi a yini, tsakaninsu wajen awa 12 da minti 25, kuma kullum tana jinkirta da kamar minti 50. Kenan ba kullum cikar ke dacewa da faɗuwar rana ba, sai kin duba jadawalinta. In ruwa ya janye, abin da zai cika gaban hotonki shi ne laka da tsoffin tayoyi da gansakuka a jikin ginshiƙan gada. In ya cika ya tsaya kafin ya fara komawa, a nan ya fi kwanciya.

Don Allah kuma kada ki sauka kan duwatsun da ke da kore a jiki. Duk inda kika ga kore ruwa yana kaiwa nan, kuma santsinsa ba a magana. Mai kallon kyamara ba ya ganin ruwa yana zagaye shi ta baya.

Baba_Fim:
Lakar ma hoto ce, Ɗan_Jirgi. Jiƙaƙƙiyar laka tana ɗaukar jan sama fiye da ruwan da iska ta yamutsa.

Ɗan_Jirgi:
Baba kai komai hoto ne a wajenka. Ka taɓa shaƙar warinta kuwa?

Malam_Kimiyya:
Ƙari kan maganar ruwa. In kin leƙa shi daga sama tsaye, kashi 2 cikin ɗari kacal na haske yake mayarwa, sauran ya shige ciki. Amma gwargwadon yadda kika yi ƙasa kina kallonsa a kwance, gwargwadon yadda yake ƙara mayarwa, har ya haura rabi in kin kusa daidaita da fuskarsa. Masu ɗauka daga saman gada su kan yi ta mamakin me ya sa ruwansu ya yi duhu. Ki sauko da kyamarar ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa ko ƙasa da haka, za ki ga inuwar gine-ginen ta yi ƙarfi.

Sadik_Dare:
Maganin yamutsin ruwa ai mai sauƙi ne. Ƙafa-uku (sandar kafa kyamara), ISO (ƙarfin jin haske) 100, ƙofar haske f/8 ko f/11, ki bar kyamara a buɗe sakan 20 zuwa 30. Duk ƙananan igiyoyin nan narkewa suke yi, fitilu su zama dogayen layuka masu launi a kan ruwa. In da sauran haske, ki sa baƙar filta mai rage haske mataki 10. Kowane mataki ninki biyu ne, goma kenan ninki 1024, hoton da za ki ɗauka a 1/30 ya koma sakan 30 da ɗoriya. Ki saita fokas kafin ki ɗaura filtar, don in ta hau kyamara ba ta ganin komai. Ki kashe na'urar hana girgiza tunda kina kan ƙafa-uku, ki sa kyamarar ta jira sakan 2 bayan kin danna.

Baba_Fim:
Ga su nan. Ruwa ya koma kamar an shimfiɗa farin yadi an goge shi da dutsen guga. Wa ya taɓa ganin teku haka da idonsa? Duk hotunanku sun zama iri ɗaya, in an rufe sunan gari ba mai gane wanne ne wanne.

Sadik_Dare:
Baba ai ba dole sai sakan 30 ba. Rabin sakan zuwa sakan ɗaya yana barin ruwan da motsinsa. Sai dai in akwai jiragen da aka ɗaure suna lilo, ko a sakan ɗaya ma za su fito dishi-dishi, wannan kam ba ni da maganinsa.

Zee_Waya:
Mu masu waya a zagaye mu kenan? 😩

Ummi_Launi:
Zee ba a zagaye ku ba. Ki danna yatsa kan wuri mai haske a sama ki riƙe har ya kulle, sai ki ja hasken ƙasa kaɗan. Waya tana son ta mayar da magariba rana tsaka, sai kin hana ta. Saitin dare na waya hotuna da yawa yake ɗauka a jere ya haɗe su, don haka ki jingina ta da bango ko ƙarfen gada. Ki kuma goge gilashin, musamman a bakin teku, gishirin da iska ke kawowa shi ke sa kowace fitila ta yi jela.

Nafi, amsar tambayarki ta farko a wajena: in har kina son jar sama da ƙarafunan gada a hoto ɗaya, jiran Garba ba zai ba ki ba, don lokacin da fitilu suka daidaita da sama, jan ya kusa tafiya, shuɗi ne ya rage. Ki ɗauki uku ba tare da kin motsa kyamara ba, ɗaya daidai, ɗaya ƙasa da mataki 2, ɗaya sama da mataki 2, a RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba), ki haɗe su a manhajar gyaran hoto kamar Lightroom. Kada dai ki ɗaga inuwar da yawa. Gini da rana ke bayansa dole ya fi sama duhu, in kika sa ya fi ta haske ido zai ƙi yarda. Haka inuwar cikin ruwa, kullum ta fi abin da take kwaikwayo duhu.

Baba_Fim:
Haɗe-haɗe kenan. A zamaninmu abin da fim ya kama shi ne hoto.

Ummi_Launi:
Baba da girmanka, haɗe-haɗen nan ya girme ka nesa ba kusa ba. Gustave Le Gray, Bafaranshe, a 1856 da 1857 ya yi hotunan teku da suka yi suna a Landan da Faris. Gilasan da hoto ke zama a kansu a lokacin, a madadin fim, shuɗin haske ya fi kama su, in an saita don ruwa sai sama ta fito fara fat, matsalar Nafi sak. A wasu hotunan sai ya ɗauki sama a gilashi ɗaya, teku a wani, ya buga su a takarda guda. Har an gano sama ɗaya da ya yi amfani da ita a kan teku daban-daban.

Baba_Fim:
To shi ma da yana cikin zauren nan da na faɗa masa. Sama ɗaya a kan teku daban-daban, wannan ai zane ne.

Garba_Zum:
A nan kam ina bayan Baba rabi. Uku a minti ɗaya, wuri ɗaya, ban ga laifi ba, abin da ido ya gani ake ƙoƙarin dawowa da shi. Amma aro sama daga wata rana, ko haɗa jar sama ta kafin faɗuwa da fitilun da ba su kunnu ba sai bayan rabin awa, in ka yi ka faɗa.

Hauwa_K:
Ni tambayata daban. Me ya sa wata rana sama take yin ja kamar me, wata rana kuma ranar ta shige ba ko sallama?

Malam_Kimiyya:
Hajiya Hauwa, iska tana watsa shuɗin haske fiye da ja, bayanin da Lord Rayleigh ya yi tun 1871. In rana ta kai layin sama, haskenta yana ratsa iska mai kauri kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa in tana tsakar ka. Shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan goro su iso. Amma sai sun sami abin da za su sauka a kai. Gajimare mai nisa a sama, siriri, shi ne ke kama hasken daga ƙasa bayan rana ta nutse, da sharaɗin can yamma akwai sarari ba gajimare ya toshe ba. Shi ya sa jan da ya fi kyau yakan zo minti 10 zuwa 15 bayan mutane sun watse.

Mutane suna zaton ƙura da hayaƙi suna ƙara launi. Mai yawa a ƙasa-ƙasa kashe shi take yi, rana ta zama farin faifai ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Bayan an yi ruwan sama iska ta wanke, a nan launi ke fitowa tas.

Shuɗin da ke biyo baya kuma, mai zurfin nan, akwai hannun iskar ozon a ciki, tana shanye rawaya da ruwan goro daga hasken da ya yi doguwar tafiya. Wani masani, Hulburt, ya nuna haka a 1953.

Na_Gefe:
Malam mun zo ɗaukar hoto ka mayar da mu aji.

Sadik_Dare:
Wani gargaɗi tunda an ce akwai tashar jiragen ruwa a gefe. Akwai ranar da na kafa ƙafa-uku ina fuskantar injinan ɗaga kaya, masu gadi suka zo suka sa na goge duk abin da na ɗauka, ga mutane a gefe suna ta ɗauka da waya ba wanda ya ce musu kanzil. Da zarar an ga ƙafa-uku da dogon gilashi sai a ɗauke ka wani abu daban.

Ɗan_Jirgi:
Ba don kare su ba, amma tashoshi da yawa suna da dokar hana hoto, musamman inda ake sauke mai ko inda jiragen soja suke. Gaisuwa da tambaya kafin a kafa kaya tana rage rabin rigimar.

Admin_Bello:
Jama'a maganar masu gadi a buɗe mata nata zaren, mun san inda take kai mu. A koma kan tambayar Nafi.

Rabi_Taga:
Na karanta duka, ba wanda ya ce mata ta juya. Nafi, in akwai hanya ki haye ɗaya gaɓar wata rana, rana ta kasance a bayanki. Minti 20 na ƙarshe kafin ta faɗi, gilasan benaye suna kamawa da ruwan zinare ɗaya bayan ɗaya, hasken yana hawa daga ƙasan gini zuwa ƙololuwarsa har ya bar shi, kuma ba wata tazarar haske da za ta dame ki. Bayan ta faɗi, a gabas za ki ga wani ɗamara ruwan hoda, ƙarƙashinsa shuɗi mai duhu yana tasowa. Inuwar duniya ce wannan. In kuma kin dace da kwana ɗaya kafin wata ya cika, yana fitowa ta gabas tun da sauran haske, sai ki kama shi da tabbansa tare da gine-ginen. In dare ya yi, farin ƙwallo kawai zai zama.

Ki je ranar aiki, ba ƙarshen mako ba. Fitilun ofisoshi a kashe suke ranar hutu, benayen su yi ta zama baƙaƙe ko an kai lokacin da Garba ya ce.

Nafi_Hoto:
Anti Rabi maganar ranar aiki ta shige ni. Amma daga ɗaya gaɓar babu dogayen gine-gine a gaba, sai rumbunan ajiya. Dole dai yamma zan fuskanta. Kenan zaɓi uku ke gabana: in bar su baƙi kamar yadda Baba ya ce, in jira fitilu, ko in haɗa uku.

Malam_Kimiyya:
Akwai na huɗu, jiran wani watan na shekara. Rana ba wuri ɗaya take faɗuwa duk shekara ba. Wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba ne take faɗuwa yamma sak. A Yuni tana karkata arewa, a Disamba kudu, digiri 23 da rabi kowane gefe a ikwaita, fiye da haka in an yi nesa da ita. Wataƙila a wani watan ranar za ta koma gefen hotonki, hasken ya riƙa shafar gadar ta gefe. Manhajar PhotoPills tana nuna layin a taswira.

Ummi_Launi:
Duk wanda kika zaɓa, ki cire daidaita launi daga otomatik. Yana ganin ja ya yi yawa sai ya wanke shi. Ki ajiye a 5500K (K ma'aunin launin haske ne) ki bar shi, ki ga yadda launin ke sauyawa da kansa daga hoto zuwa hoto. Tsoffin fitilun titi masu ruwan goro wajen 2000K suke, sababbin LED sun fi fari, a gaɓa ɗaya za ki iya samun duka biyun. Kada ki ce sai kin gyara su sun zama ɗaya.

Zee_Waya:
To taurarin nan da fitilu ke yi a hotunan Sadik fa, filta ce?

Sadik_Dare:
Ba filta, tsuke ƙofar haske ne zuwa f/16. Ƙirga tsinin ki gani: gilashin kyamara mai ganye 7 (siraran fallayen da ke tsuke ƙofar) yana ba da tsini 14, mai 9 ya ba da 18, mai 8 kuwa 8 ɗin dai. Waya ba za ta yi ba, yawancinsu ƙofar a kafe take.

Garba_Zum:
Amma f/16 yana rage kaifin hoton, kuma duk ƙurar da ke kan sensa, allon da ke kama hoton a cikin kyamara, sai ta fito a sama ɗigo-ɗigo. Nafi da ke son ƙarafunan gada su fito, f/8 ya fi mata.

Sadik_Dare:
A hoton da za a kalla a waya wa zai ga bambancin?

Baba_Fim:
Ni zan gani. Nafi, in kin ɗauko ki turo mana wanda ba a taɓa ba tukuna, kafin Ummi ta sa masa hannu.

Ɗan_Jirgi:
In kan gadar za ki tsaya wata rana, ki sani tana rawa duk lokacin da babbar mota ta wuce, ƙafa-uku ba ta hana wannan. Sadik, kai da sakan 30 ɗinka ya kake yi da shi?